Shekara huɗu hannuwana sun ƙi warkewa: in sha ƙwayar da yayana ke son aiko mini daga Faransa?

Mai ƙunshi ta Bagalam:

Assalamu alaikum. Ɗiyata ce ke danna mini waya, ina faɗa tana rubutawa, don yau yatsuna ko gilashin waya ba su son taɓawa.

Ni mai ƙunshi ce da kitso a nan Maradi, unguwar Bagalam. Shekarata 34, ƴaƴana huɗu, autan na yaye shi kafin azumin bana. Wajen gwaggona na koyi sana'ar tun ina budurwa, kuma alhamdu lillahi da ita nake zubin adashe, da ita nake tara wa ɗiyar nan kayan ɗaki. In lokacin bukukuwa ya kama, bayan an kai amfanin gona gida ko jajibirin salla, sai in yi wa mata goma sha biyar a yini, jan lalle da baƙin dayis, in kai tsakar dare ina zane da fitilar caji.

Shekara huɗu ke nan da hannun ya fara. Da fari ƴan ƙananan ƙuraje ne masu ruwa a gefen yatsu, kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin fata, da ƙaiƙayin da ke tashe ni cikin dare in riƙa goga hannu a bakin gado. In sun fashe sai fatar ta bushe, ta yi kauri, ta tsage. Yanzu babban yatsa da manuni da na tsakiya na hannun dama duk sun dare, na hagu ma ya kama har bayan hannu. Da hunturu jini yake yi. Yankan albasa ko tattasai sai dai in kira yara. Alwalar asuba da ruwan randa kuwa, Allah kaɗai ya san abin da nake ji.

Abin da ban gwada ba kaɗan ne. Man kaɗe, basilin, jiƙon sassaƙe, maganin sanyi na gargajiya har kala uku. Na yi ta sayen tib mai kortizon a kasuwa: in na shafa sai ya lafa mako guda, ina bari ya dawo har ya fi da. Sau biyu an yi mini allurar kortizon a wani kilinik, na samu wata guda lafiya lau, amma fuskata ta kumbura ta yi kamar faranti, sai na ji tsoro na bari. Likitan da ya duba ni ya ce egzema ce, abin da mu muke ce wa kirci.

Wanda ya fi yi mini ciwo ba zafin ba ne. Bara wata uwar amarya ta dubi hannuna, ta janye ƙafar ɗiyarta daga cinyata, na ji tana raɗa wa ƴar uwarta wai ko kuturta ce. Kwana biyu ban ci abinci ba. Na hau mota na tafi asibitin kuturta na Danja aka duba ni da kyau, aka ce babu kuturta ko kaɗan. Amma maganar ta riga ta zaga unguwa.

To yanzu yayana da ke aiki a Liyon ya kira ni, ya ce akwai wata ƙwaya, sunanta Rinvoq, ɗaya ake sha a yini. Abokin aikinsa ya sha, cikin kwanaki ƙaiƙayi ya ɗauke. Ya ce zai nemi hanyar da zai samo mini kwali biyu ya ba mai zuwa Yamai. Wata maƙwabciyata kuma ta ce akwai irinta ta Bangaladash mai sauƙin kuɗi da ake iya sa a kawo daga Kano. Don Allah wanda ya san ƙwayar nan ya gaya mini gaskiya. Tana warkarwa ne gaba ɗaya? Wata nawa ake sha? Ina da amare biyar a watan gobe, na riga na karɓi kuɗin uku.

Inna ta Maradawa:

Sannu ɗiyata, Allah shi ba ki lahiya. Ni ban san ƙwayar Turawa ba, sai lokotoro sun zo su yi miki bayani. Amma mu da munka tashi, lallen ganye munka sani, a daka a kwaɓa a zuba a zunguru, amarya ta kwana da hannunta ciki. Shekara talatin ina yi wa amare, hannuna bai taɓa tsagewa ba. Tun da wanga baƙin abu na kwalba ya shigo nike ganin ɗiyan mata da hannu a ɗuri ruwa. Jikata an zana mata shi da salla, zanen ya tashi ya yi ƙuna, har yau tabon huren na nan a hannunta. Ki bar shi wata guda ki gani. Kuma ki maida wa mutane kuɗinsu in ba ki iyawa, hannu ya fi jaka goma.

Likita, ɗan Tibiri:

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da jiki. Ba zan iya yanke miki hukunci ta waya ba tunda ban ga hannun ba, amma zan faɗi abin da na sani, kuma ki gaya wa yayanki ya dakata tukuna.

Ƙwayar gaskiya ce, ba ta bogi ba. Sunan maganin da ke ciki upadacitinib, kamfanin AbbVie ke yin ta. Tana da ƴan uwa biyu, abrocitinib da ake sayarwa da sunan Cibinqo, da baricitinib mai suna Olumiant. Dukansu ana ce musu masu toshe JAK. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo, wani saƙon na cewa a kumbura, wani na cewa a yi ƙaiƙayi, kuma a cikin ƙwayar halitta akwai ɗan aiken da ke karɓar saƙon ya kai ciki, shi ne JAK. Maganin ɗan aiken yake tarewa a zaure. Shi ya sa ƙaiƙayi ke faɗuwa da wuri, wani lokacin cikin kwana biyu ko uku. Don ciwon gaɓoɓi aka fara ba da izinin upadacitinib a 2019, sannan Tarayyar Turai ta yarda a ba masu egzemar gado mai tsanani a 2021, Amurka a farkon 2022. Ba a yi mata rajista don egzemar hannu ita kaɗai ba, amma likitocin fata na ba da ita in abin ya gagari sauran magunguna, kuma hannaye da dama na amsawa. Abin da ba ta yi shi ne warkarwa har abada. Danne cutar take yi muddin ana sha, in aka bari yawanci tana dawowa. Kwali biyu wata biyu ne, to wata na uku fa? Kuɗin kwali ɗaya a Turai ɗaruruwan yuro ne, kuma yuro 100 kaɗai ya haura sefa 65,000.

Ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Garkuwar da maganin ke sassautawa ita ce ke riƙe da wasu cututtukan da ke kwance a jikin mutum bai sani ba, kuma manyan biyu daga cikinsu a ƙasarmu suka fi yawa, ba a Liyon ba. Na farko tarin fuka: mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar cutar tana barci, in aka rage garkuwa sai ta farka. Na biyu ciwon hanta nau'in B, wanda a yankinmu da yawa tun suna jarirai suka ɗauka, babu alamar komai. Ba mai irin wannan ƙwayar ba tare da an gwada ba na iya tayar da cutar ta ci hanta. Saboda haka kafin ƙwaya ta farko sai an yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka, da gwaje-gwajen hanta nau'in B, wato AgHBs da anti-HBc, da na hanta nau'in C, da ƙidayar jini, da aikin hanta da ƙoda, da kitsen jini. In awon ƙarfin jinin mace, wato hemoglobin, ya yi ƙasa da 8, ba a farawa, kuma kin san yadda ƙarancin jini yake a wajen matanmu. Bayan an fara ma ana maimaita analis lokaci-lokaci. A watan Satumba na 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga babban gargaɗi a kan wannan dangin magani game da ciwon zuciya, daskarewar jini a jijiya da cutar kansa, wato ciwon daji, bayan wani babban bincike a kan tofacitinib, wani mai toshe JAK ɗin, a wajen masu ciwon gaɓoɓi da suka haura shekara 50. Turai ma ta ce ƴan shekara 65 zuwa sama, da masu shan taba, da masu haɗarin ciwon zuciya ko kansa, kada a ba su sai in babu wata mafita. Ke ba ki cikin waɗannan, amma akwai wanda ya shafe ki kai tsaye: mai ciki ba ta sha, mai shayarwa ba ta sha, kuma sai da tsarin iyali mai ƙarfi har mako huɗu bayan an daina.

Yanzu ga inda nake ganin maganar take. Inna ta riga ni. Dubi yatsun da kika lissafa, babba da manuni da na tsakiya na dama, su ne masu riƙe ledar zane. Baƙin dayis yawanci yana da wani sinadari da ake kira PPD, wanda ke cikin rinin gashi, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi sa fata ta yi gaba da su. In jiki ya riga ya ƙi shi, ya ƙi shi ke nan har ƙarshen rayuwa, ɗigo ɗaya ya isa ya tayar da hannu na makonni. In haka ne abin da ke damunki, shan ƙwaya ana ci gaba da dayis kamar share ɗaki ne ana zuba ƙasa ta taga. Akwai gwajin da ke tabbatarwa: a manna ƴan sinadarai a bayanki a bari awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Kortizon na sha ko na allura da ita wannan ƙwayar duk suna iya ɓoye sakamakon, don haka gwajin ne gaba. Ki nemi likitan fata a babban asibiti nan Maradi, ko cibiyar fata da kuturta ta ƙasa da ke Yamai, ki tambaya inda ake yi. A kuma kankari fatar a duba ko naman gwari ne, don shi ma yana kama da egzema a tafin hannu, kuma kortizon ciyar da shi yake yi.

Tambaya biyu gare ki. Kin taɓa barin aiki na makonni, yaya hannun ya yi? Kin taɓa rina gashinki da baƙi?

Baƙuwar Burusel:

Yaya, ni ina shan Rinvoq ɗin, 15 mg kullum, shekara ɗaya da wata huɗu ke nan. Ƴar Zinder ce ni, aure ya kawo ni Beljiyam, ina aikin share-share a gidan tsofaffi. Tawa egzemar ta gado ce, tun ina yarinya a bayan gwiwa da wuya, ga asma. Da na fara aikin nan, hannu cikin ruwa da jabel tun safe, sai ta sauko hannuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, daren farko da na yi barci har asuba ban sosa ba sai da na yi kuka. Kwana na uku ne. Tsagewar ta ɗauki kusan wata kafin ta rufe. Amma kafin a ba ni sai da na wuce ta mayuka masu ƙarfi, na wuce ta hasken fitila da ake yi a asibiti, aka zuƙi jinina kwalba bakwai, aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa mini robar hannu ta tsarin iyali. Akwai wata ƙwayar ma da aka fara yi mini maganarta, alitretinoin, wadda ita don egzemar hannu aka yi ta, amma likita ta ce ta fi aiki ga mai kaurin fata busasshiya, kuma tana lalata ɗan tayi ƙwarai, na ce a'a.

Abin da na gani a jikina: kuraje a fuska kamar ƴar shekara goma sha biyar, har mijina na tsokanata. A wata na bakwai kuma zona ta fito mini, ƙuraje masu ruwa a haƙarƙari gefe ɗaya kamar an ɗaura mini ɗamarar wuta. Ƙwayar ƙarambau ce da na yi ina ƙarama ta farka. Aka tsayar da maganin mako biyu, kafin su cika hannun ya fara ƙaiƙayi. A nan na gane ba warkewa na yi ba. Da zan zo gida bara ma sai da aka duba katin rigakafina, don allurar shawara mai rai ce, ba a yi wa mai shan wannan magani. Allah ya sa na taɓa yi tuntuni.

Kuma ki gaya wa yayanki, a nan sai da takardar likita na musamman ake ba da ita, da sunan mai ciwon. In ragowar ta abokinsa zai aiko miki, wa zai duba jininki? Yanzu ma likitata na maganar maida ni kan wani man shafawa, Anzupgo, shi ma JAK yake toshewa amma a fata kaɗai, an yarda da shi a Turai a 2024 don egzemar hannu. Ki rubuta sunan ki nuna wa likitan da za ki gani.

Magini daga Ali Ɗan Sofo:

Hajiya sannu. Ni siminti ne ya ci nawa hannun, shekara tara ina kwaɓi da hannu tsirara tun ina lebura. An ce wani sinadari ne a cikin simintin, kuromiyam, kuma a Turai tun 2005 doka ta sa a rage shi. Mu nan sai dai safar hannu.

Ni methotrexate aka ba ni, tsohon magani ne, kuɗinsa da sauƙi, ana samu a farmasi. Sau ɗaya a mako, ranar Juma'a nake sha don kada in manta, da wata ƴar ƙwayar folik a wata ranar daban. Likita ya ja mini kunne sau uku: a mako, ba kullum ba, wanda ya sha kullum zai iya mutuwa. Ya kuma ce kada in kuskura in haɗa da kotirimokzazol, wannan da masu tebur ke ba kowa in ciki ya ɓaci. Shi ma sai da aka gwada hantata. Ya ɗauki wata biyu kafin in ga canji, ba kamar na ƴar uwarmu ta Beljiyam ba. Amma gaskiya abin da ya fi yi mini aiki shi ne da na zama mai duba aiki, na bar wa yara kwaɓi. Ranar da na taɓa ɗanyen siminti, ko da maganin a cikina, da dare sai na sani.

Dabara ɗaya: basilin mai yawa da dare, ki sa safar auduga ki kwana da ita. Bayan kowace alwala ki tsane hannu da tsumma mai laushi, kada ki goga, ki shafa nan take. Ni ƙaramar kwalba ce a aljihuna tare da carbi.

Mai ƙunshi ta Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wannan karon ni ce ke rubutawa da ɗan yatsana na hagu, na aiki yarinyar sayen gawayi, don akwai abin da ban so ta karanta.

Dokta, tambayoyinka sun sa jikina ya yi sanyi. Shekara biyu da suka wuce na yi kwana ashirin da biyar a Tasawa ina jinyar mahaifiyata. Wanki nake yi, wanke-wanke nake yi, da omo da komai, amma hannun ya rufe har na sa zobe. Na ɗauka ruwan garin ne ya karɓe ni. Mako guda da dawowa aiki ya tashi. Rinin gashi kuwa sau ɗaya na yi, bikin ƙanwata, kaina ya yi ruwa, idanuna suka kumbura kwana uku ban fita ba. Ban taɓa haɗa shi da hannun ba.

Abin da ban faɗa ba shi ne ba na komai na tsarin iyali tun da na yaye yaron, kuma ni da maigida muna son ƙari. Watan nan ma kwana tara ke nan ban ga al'ada ba. Na kira yayana na ce ya bar maganar ƙwaya, ya ji haushi kaɗan, ya ce shi taimako yake so ya yi. Na ce in taimako ne ya aiko kuɗin mota zuwa Yamai.

Amaren nan biyar fa? In na sa safar roba irin ta asibiti, zan iya yin baƙin? Don yanzu amarya in ba a yi mata baƙi ba sai ta ce ba a yi mata ƙunshi ba.

Likita, ɗan Tibiri:

Hajiya, gobe da safe ki yi gwajin ciki kafin komai. In ya nuna akwai, to Rinvoq da alitretinoin da methotrexate ɗin Malam magini duk sun fita daga lissafi, kuma ki gaya wa duk likitan da zai rubuta miki ko da man shafawa ne. Akwai mayukan kortizon da mai ciki ke iya shafawa a hannu na ɗan lokaci bisa ƙa'ida, a bar likita ya zaɓa, ki daina na kasuwa.

Safar leda da ta roba fara ta asibiti PPD na ratsa su da wuri. Ta nitiril ta fi tsarewa, yawanci shuɗiya ce, ki tambaya a manyan farmasi, a sa sau ɗaya a jefar, kada a wanke a juya. Amma ga wadda idonta ya kumbura kwana uku saboda rini, ni ban ba ki shawarar ki kusanci dayis ba ko da safa, ko kwaɓa shi, ko wanke kwanonsa. Jan lalle zalla na ganye da wuya yake yin haka, sai dai ki tabbata ba a haɗa garin da komai ba. Kuma amaren da ake zana wa baƙin su ma ana iya sa musu irin ciwonki, kin ji labarin jikar Inna.

Inna ta Maradawa:

Ɗiyata, in an daɗe ana maimaita jan lalle kwana biyu ko uku yana duhu har ya kusa baƙi, haka munka riƙa yi. Ki zo gida bayan la'asar in nuna miki yadda ake kwaɓin, zungurun ma yana nan rataye a ɗaki.